Amsoshin Tambayoyinku: Shin Dangin Ƙwayar Ciwon Hanta Yana Faɗin Inda Aka Ɗauko Ta?

Tambaya: Ni malamin firamare ne a ƙaramar hukumar Kusada, shekaruna 29. Da aka sa ranar aurena sai muka je Kankia ni da yarinyar aka yi mana gwajin jini. Nata ya fito lafiya lau, ni kuma aka ce ina ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Wallahi ban taɓa yin shawara ba, ban kuma taɓa kusantar mace ba. Na duba a waya na ga an ce cutar tana da jinotaif daga A har zuwa J, wai wani ta jima'i ake ɗaukarsa, wani daga uwa, wani kuma shi ke kawo kansa. To ni AA ne. Wanne ke jikina? Zai nuna ta inda na samu? Kuma ina makomata?

Amsa: Ɗana, Allah ya sanya alheri a wannan aure. Na ji daɗin wasiƙarka, domin da yawa in aka miƙa musu irin wannan takarda sai su ninke ta su ɓoye, kai kuwa ka tashi neman sani. Abin da kake tambaya shi ne: tunda ƙwayar cutar nan iri-iri ce, shin sanin irin da ke jikin mutum zai faɗi hanyar da ta shige shi, zai kuma faɗi abin da za ta yi wa hantarsa?

Mu fara kawar da wani ruɗani, wanda ba laifinka ba ne, tunda kalma ɗaya ake amfani da ita a wurare biyu. AA ɗin da aka rubuta maka naka ne, gadon jini daga mahaifinka da mahaifiyarka, kuma ana duba shi ne don gudun haifar yaro mai amosanin jini, wato sikila. A zuwa J ɗin da ka karanta kuwa na ƙwayar cutar ne, danginta ne ita kanta. Mai AA da mai AS da mai SS duk suna iya kamuwa, kuma da kowane dangi. Babu abin da ya haɗa su.

Ƙwayar da ke kawo wannan ciwo bairos ce, wato irin ƙwayoyin nan da ba sa iya hayayyafa sai sun shiga cikin ƙwayoyin jikin mai rai. Tana ɗauke da rubutun halittarta mai harufa wajen 3,200. Duk sanda ta kwafi kanta a cikin hanta takan yi ɗan kuskure a rubutun, kuma da yake ta yi dubban shekaru tana yawo tare da 'yan Adam, sai ƙwayoyin kowane yanki suka tara nasu kurakuran suka bambanta da na wani yanki. In bambancin rubutun ƙwayoyi biyu ya kai kusan kashi 8 cikin 100, sai masana su ce danginsu daban. A 1988 ne wasu masana a Japan, ƙarƙashin Hiroaki Okamoto, suka fara kasa ta gida huɗu, A da B da C da D. Yanzu an kai goma. Kamar karin harshe ne: in Basakkwace ya buɗe baki a kasuwar Kankia nan take za ka san garinsu, amma Hausar ɗaya ce, kuma karin nasa bai gaya maka a mota ya zo ko a babur ba.

B da C su ne na gabashin Asiya, irin su Sin da Japan da Taiwan. D ya fi yawa a ƙasashen Larabawa da kewayen Bahar Rum da Indiya. F da H na mutanen asali ne na tsakiya da kudancin nahiyar Amurka. A ya rabu rassa: reshen A1 a gabashi da kudancin Afirka, A2 a Turai da Amurka, wasu rassan kuma a nan yammacin Afirka. Namu kuwa, wanda ya mamaye daga Senegal da Mali, ya ratso Nijar da Nijeriya har ya gangara Angola da Namibiya, shi ne E. Mafi yawan samfurin jinin da aka bincika daga Nijeriya E ne, sai ɗan A a gefe. Don haka ko ba a gwada ba, abin da ya fi ƙarfi shi ne E ke jikinka. A Nijar, mahaɗar mutanen Sahara da namu, an wallafa wani bincike a 2010 kan masu ba da jini inda aka samu ƙwayar da ta zama ruwa biyu, wani sashen rubutunta na D, wani na E.

Labarin E yana da ban mamaki, kuma yana taɓa tambayarka. Ƙwayoyin E na Senegal da na Angola sun yi kama da juna ƙwarai, ba kamar sauran dangogi ba, alamar bai daɗe da bazuwa ba. Ga kuma wata shaida. Miliyoyin mutanen da aka kwasa daga gaɓar yammacin Afirka a zamanin cinikin bayi da yawansu sun tafi da ciwon hanta a jininsu, amma a yau in aka gwada jikokinsu a Haiti da Burazil, galibi A ake samu, E kuwa da ƙyar. Ma'ana, lokacin da ake lodin jiragen nan E bai cika gari ba, daga baya ya yaɗu. Masana da dama suna danganta wannan da gangamin allurai da lamba na zamanin mulkin mallaka, na ciwon barci da agana da sauransu, lokacin da sirinji ɗaya kan zagaya ƙauye guda ba tare da an dafa shi yadda ya kamata ba. Zato ne mai ƙarfi, kuma darasinsa shi ne ƙarfen da ya shiga jikin wani ya shiga na wani. Alluran rigakafi na yau kowane yaro da nasa sabon sirinji, a yi amfani da shi sau ɗaya a jefar.

To, gaskiya ne akwai alaƙa tsakanin dangi da hanyar yaɗuwa, amma alaƙar ta al'umma ce, ba ta mutum ɗaya ba. Ga yadda take. Akwai wata alama a jini da za ka gani a takardar asibiti an rubuta HBeAg. In tana nan, galibi ƙwayar tana hayayyafa da ƙarfi, jinin mutum cike yake da ita. Jiki yakan yi yaƙi ya kawar da wannan alama, sai yawan ƙwayar ya faɗi. Shekarun da hakan ke faruwa su ne suka bambanta daga dangi zuwa dangi. An bi mutane fiye da dubu ɗaya 'yan asalin Alaska, wurin da dangogi biyar suka haɗu, aka wallafa sakamakon a 2007: masu A da B da D da F rabinsu sun rabu da alamar kafin su cika shekara 20, masu C kuwa sai wajen shekara 48. Ka ga mace mai C za ta yi dukan haihuwarta jininta na cike da ƙwayar. Uwa mai wannan alama, in ba a ɗauki mataki ba, jarirai 7 zuwa 9 cikin 10 za su ɗauka daga gare ta a wajen haihuwa. Shi ya sa a Sin da maƙwabtanta hanyar uwa zuwa jariri ta fi kowace.

A Afirka akasarin 'yan mata sukan rabu da alamar kafin su isa aure, saboda haka kason da ke ɗauka a ranar haihuwa bai kai na Asiya ba, ko da yake bincike ya nuna mata masu E sun fi masu A1 riƙe ta har zuwa shekarun haihuwa. Babbar hanyarmu ita ce ƙuruciya, kafin yaro ya kai shekara biyar. Ƙwayar nan tana rayuwa a busasshen jini aƙalla kwana bakwai, kuma ɗigon da ido ba ya gani ya isa. Ka tuna abin da jaririnmu ke ratsawa: rezar yanke cibi, askar suna, cire beli, tsaga ko bille, hujin kunne, daga baya kaciya, inda akan jera yara a yi musu da wuƙa ɗaya. Ga ƙaho, ga mai yankan farce da ke zagaya majalisa da almakashi guda, ga allura a shagon magani. Ga kuma wasan yara kansa, wannan da gyambo, wancan da ƙazuwa, suna kwana a tabarma ɗaya. Ba ina ɗora wa wanzamai laifi ba ne. Sana'a ce ta gado mai mutunci, kuma da yawansu yanzu sabuwar reza suke ɓarewa a gaban mai gida. Wanda bai fara ba, a saya a kai masa.

Abin da ka karanta game da jima'i daga wata duniya ya fito. A Turai da Amurka, inda yara ba su cika kamuwa ba, manya ne ke ɗauka ta saduwa ko ta allurar ƙwaya, kuma dangin da ke yawo a can A2 ne da D. A Japan ma likitoci sun lura A2 ya shigo birane ta wannan hanya, kuma ya fi B da C zama a jikin babban mutum. Amma ba A2 ne ya zaɓi jima'i ba, shi ne dai ya tarar da mutanen da ke kamuwa ta nan. Kowane dangi yana bin kowace ƙofa da jini ko ruwan jiki ya bi. A Kusada, wanda ya samu daga mahaifiyarsa, da wanda ya samu a askar wanzami, da wanda ya samu a shimfiɗa, in aka gwada su ukun mai yiwuwa E za a gani. Babu gwajin da zai tsaya ya ba da shaida a kanka.

Akwai ma hujjar da ta fi wannan, kuma ina so ka riƙe ta saboda ranar da wani zai yi maka kallon zargi. Babban mutum mai lafiya in ya kamu, fiye da 95 cikin 100 jikinsu kan kore ta cikin wata shida. Jariri kuwa 9 cikin 10 takan zauna musu, yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyar kuma wajen 3 cikin 10. Don haka duk wanda aka samu cutar ta zauna masa a ƙasarmu, abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne tun bai san kansa ba ya ɗauke ta. Rashin yin shawara da ka ambata ya dace da haka, domin yara ba su cika nuna alama ba. An kuma haife ka kafin 2004, shekarar da Nijeriya ta shigar da wannan rigakafi cikin alluran yara. Ba kai kaɗai ba ne: babban binciken ƙasa na 2018 ya samu kashi 8.1 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta mutum miliyan 254 a duniya a 2022. Ba a ɗaukarta ta zufa, ko musabaha, ko cin tuwo a kwano ɗaya, ko cizon sauro, ko sahun salla. Kada kowa ya ware maka kofi.

Saura makoma. Nan ma dangi yana da tasiri, ba zan ɓoye maka ba. A Taiwan da Sin an tabbatar C ya fi B kai mutum ga taurin hanta, wato tabo ya cinye ta ta ƙanƙance, ya kuma fi kawo kansa. A Afirka ta Kudu, Farfesa Michael Kew da abokan aikinsa sun nuna a 2005 cewa masu dangin A, wanda a can reshen A1 ne, haɗarin kansar hanta a gare su ya ninka na sauran sau huɗu da rabi, kuma takan zo musu da sauran ƙuruciya. Wani reshen F ya yi irin wannan suna a Alaska. Game da E, mafi kyawun ilimin da muke da shi daga Gambiya ya zo, inda aka shafe shekaru gommai ana bin mutanen ƙauyen Keneba da maƙwabtansa, kuma yawancinsu E gare su. Abin da ya fito fili a can shi ne, waɗanda iyayensu mata ke ɗauke da cutar sun fi yawan ƙwayar a jini, sun kuma fi samun tabon hanta, a kan waɗanda suka ɗauka daga baya. Dangi ɗaya, ƙauye ɗaya, amma ranar da cutar ta shiga ita ta raba su. A wani binciken na Gambiyar da aka wallafa a 2016, aka bi unguwa-unguwa ana gwaji, aka tarar cikin masu ɗauke da ita waɗanda ke bukatar magani nan take bisa ma'aunin wancan lokaci ba su kai 5 cikin 100 ba. An faɗaɗa ma'aunin daga baya, amma wannan ya isa ya nuna maka cewa samun ƙwayar a jini ba sammacin mutuwa ba ne.

Abubuwan da suka fi dangi nauyi a ma'aunin likita su ne yawan ƙwayar a jini, da kasancewa namiji, da shekaru, da ko an taɓa yin kansar hanta a gidanku, da ko akwai wata cutar tare da ita, kamar ƙanjamau ko ciwon hanta nau'in C ko D. A Taiwan an bi mutum 3,653 shekaru da dama, aka ga haɗarin kansa yana hawa ne daidai da hawan yawan ƙwayar. Sai giya, wadda na san ba ta gabanka. Sai kuma wani abu da ya shafe mu mu manoma kai tsaye, wanda ba a cika faɗa ba: gubar fumfuna da ake kira aflatoksin. Tana fitowa a gyaɗa da masara da aka tara da danshi, ba ta mutuwa a wuta, kuma in ta haɗu da wannan ƙwaya a hanta ɗaya haɗarin kansa yakan ninka sau da yawa. Gyaɗar da ta yi baƙi ko ta yi ɗaci a tsince a zubar, kada a ce a yi ƙuli-ƙuli da ita don gudun asara. Hatsi ya bushe sarai kafin ya shiga rumbu ko buhu.

Shin ka nemi gwajin dangi? A ganina kada ka kashe kuɗinka a nan. Yana da tsada, sai manyan ɗakunan bincike, kuma ba zai canza abin da za a yi maka ba. Inda yake da amfani shi ne wajen wata allura mai suna interferon, wadda ta fi yi wa masu A da B aiki a kan masu C da D, kuma ba ita aka fi amfani da ita a nan ba. Ƙwayoyin da ake bayarwa yanzu, tenofovir da entecavir, guda ɗaya a rana, suna danne kowane dangi. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 ba ta sa sanin dangi cikin sharuɗɗan fara magani ba.

Kuɗin ka kai su nan. Ka koma Babban Asibitin Kankia ka ga likita, a sake gwajin HBsAg, wato alamar da ke nuna ƙwayar tana jiki, a kuma maimaita bayan wata shida, domin sai ta wuce haka ake cewa ta zauna. A duba ALT, sinadarin da ke hawa in hanta tana ƙuna, a ƙirga ƙwayoyin jini, a ɗauki hoton ciki, a yi gwajin ƙanjamau, don ba a fara tenofovir shi kaɗai sai an san wannan. Awon yawan ƙwayar kuwa, in ba a yi a kusa ba za a tura ka Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko na Malam Aminu Kano. In likita ya ce ba ka bukatar magani yanzu, ba sallama ba ce, ka riƙa komawa duk wata shida zuwa shekara. In ya ɗora ka a kai, ka sani yana danne ƙwayar ne ya kare hanta, ba kasafai yake tumɓuke ta ba, kuma tsayar da shi kai tsaye yana iya tayar da ciwon da ƙarfi. Ina roƙonka ka yi hattara da masu jiƙo da ke alƙawarin wanke hanta cikin sati biyu. Duk abin da ka haɗiya hanta ce ke tace shi, kuma wasu haɗe-haɗen su ne ke ƙarasa ta.

Ka kuma lallaɓa mahaifiyarka da 'yan ɗakinku su yi gwaji, da sauran 'yan gida. Ka yi shi da ladabi, kada ta ji kamar tuhuma ce, domin in ma daga gare ta ne, ita ma a zanin goyo ta samu. Wanda aka samu ba shi da ita a yi masa rigakafi.

Batun aure kuwa, likitanci bai hana ba. Maƙwabciyarmu Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, har da ciwon hanta, kuma amfanin irin wannan gwaji a nan shi ne a kare wanda bai kamu ba. Rigakafin yana aiki a kan dukan dangogin goma. Taiwan, mai B da C, ta fara yi wa jarirai a 1984, yaran da ke ɗauke da cutar suka faɗo daga kusan 10 cikin 100 zuwa ƙasa da 1. Gambiya, mai E, ta fara nata gwajin rigakafin a 1986, ya kuma kare yaranta. Amaryarka ta karɓi allura uku: yau, bayan wata ɗaya, sannan a wata na shida. Bayan ta ƙarshe da wata ɗaya ko biyu a auna a ga jikinta ya samar da kariya. In ranar biki ta riga wannan, ku tambayi likita game da jadawalin gaggawa da matakin da za ku ɗauka kafin kariyar ta kankama. Ka gaya wa waliyyinta gaskiya, in da hali ku je wurin likitan tare ya ji da kunnensa.

In Allah ya kawo rabo, allurar farko ta jariri a cikin awa 24 na haihuwa ake so, sauran kuma a sati na 6 da na 10 da na 14, cikin allurar nan mai kariya biyar. Kyauta ce a asibitocin gwamnati. A nan ne muke yawan makara, domin haihuwa a gida ake yi, mai jego ba ta fita, sai a ce a bari sai bayan suna. Ko da uwa ba ta da cutar, jaririn da zai tashi a gidan da akwai mai ita yana bukatar wannan kariya tun kafin aska ta taɓa kansa. Tunda haihuwar fari galibi matarka a gidan iyayenta za ta yi, tun cikin yana wata bakwai ka je asibitin da ya fi kusa da su, ko a Mawashi ne ko Rimaye ko Kafin Soli, ka tambayi ma'aikaciyar awo ko suna ajiye allurar a firji da kuma wanda za a kira in haihuwa ta zo da dare. Ka kuma shaida wa surukarka da ungozoma tun da wuri, don su ne za su kasance a ɗakin.